Lambar Ƙofar Inna Trien

Akwai wani mutum a garin Harlingen, can bakin teku a arewacin Holan, ana ce masa Hidde Postma. Shi da ƙanwarsa Renske suka gaji kicin ɗin mahaifiyarsu, inda ake dafa abincin rana ana kai wa tsofaffi har gida. Yau dankali da kabeji, gobe miyar wake, ranar Juma'a kifi.

Yawancin tsofaffin ba sa iya tasowa su buɗe ƙofa. Don haka kowane gida akwai ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, makulli na ciki, sai an danna lamba yake buɗewa. Lambobin nan kaf suna cikin kwamfutar ofishin Hidde, tare da adireshin kowa, da wanda ke zaune shi kaɗai, da wanda kunnensa ya yi nauyi.

Hidde ba rago ba ne, kuma ba macuci ba ne. Matsalarsa ɗaya, ba a gaya masa magana.

Da sabuwar dokar tsaron kwamfuta ta fito, asibitin yankin, wanda shi ke turo musu yawancin tsofaffin, ya aiko wata ma'aikaciya mai suna Madam Bouma. Ta zauna ta yi bayani a tsanake. Duk mai hulɗa da asibitin dole ya canza kalmar sirri, ya koya wa ma'aikatansa gane saƙon yaudara, in kuma ɓarayi suka shiga kwamfutarsa ya sanar nan take, kada ya kwana da maganar.

Hidde ya saurare ta yana kaɗa ƙafa.

"Madam, dankali nake dafawa, ba banki na buɗe ba," ya ce. "Gas ya yi tsada, direbobi sun yi wuya, yanzu kuma wasu da ba su taɓa fere dankali ɗaya ba sun zauna a ofis mai ɗumi sun ƙirƙiro min sabon aiki. Manyan kamfanoni suna da bene guda na masu wannan harka. Ni wa nake da shi? Mai wanke tukunya?"

"Na san da nauyi," in ji ta. "Amma makullan mutane ne a hannunka."

"Suna hannuna tun kafin ki gama makaranta, ko cokali bai taɓa ɓata ba."

Ya sa hannu a duk abin da ta kawo don ta tafi ta ba shi wuri. Bai aiwatar da ko ɗaya ba.

Ana nan, wata safiya saƙo ya shigo kwamfutar kamar daga mai kawo musu dankali, wai a duba sabon farashi. Hidde na shan kofi yana waya, ya danna. Babu abin da ya buɗe. Ya yi tsaki ya ci gaba da harkarsa.

Da kwamfutar ta fara nauyi, suka kira mai gyara. Mutumin ya duba ya duba, ya cire tabarau ya ce an shigo, kuma an kwashe komai, har da lambobin ƙofofi.

Renske ta ɗauki waya. Hidde ya dafe hannunta.

"Wa za ki kira?"

"Asibiti, da hukuma, da tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya. A canza lambobin yau."

"Ki kira su ki ce me? Postma ya zubar da makullanku a titi? Gobe jarida ta ɗauka, jibi asibiti ya yanke mu, mutanen da ke kicin ɗin can ki je ki gaya musu su koma gida. Ɓarayin nan suna wata ƙasa, ba su ma san inda Harlingen take ba."

"Yaya, in kuma sun sani fa?"

"Na ce ki bar min. Ni ne babba a nan, ni zan kira da kaina."

Ta bar masa, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Da ta tambaye shi washegari, ya ce ai an gama, hukuma ta ce ba wani abin damuwa. Alhali ko lambar wayar hukumar bai nema ba. Kowace safiya sai ya ce yau zai kira, sai ya tuna fuskar Madam Bouma da abin da za ta ce, zuciyarsa ta tafasa, ya ajiye wayar.

Mako ya wuce, wani ya bi shi, shiru. Hidde ya fara jin cewa shi ne mai gaskiya.

Ranar wata Talata direba ɗaya bai zo ba, Hidde ya ɗauki motar da kansa. Gida na ƙarshe na Inna Trien ne, aminiyar mahaifiyarsu, wadda ta sha goya shi yana ƙarami. Ya tarar da akwatin makulli a buɗe, ƙofa a sakaye.

Tana kwance a ƙasa tsakanin falo da kicin, jikinta ya yi sanyi, leɓɓanta sun bushe. Tun jiya da la'asar take wurin. An zazzage durowa, an watsar da hotuna, an cire zoben aurenta daga yatsa har fata ta saluɓe.

Ya durƙusa ya lulluɓa mata kwat ɗinsa, yana kiran motar asibiti.

"Na ji motsin makulli," ta ce da ƙyar. "Na ɗauka ku ne kuka dawo. Har na ce ku shigo, akwai kofi. Su biyu ne, ɗana. Na riƙe zoben, ɗayan ya ture ni."

Ƙashin ƙugunta ya karye.

Da labari ya isa kicin, Renske ba ta jira Hidde ya shiga ofis ba. A gaban masu girki ta tare shi.

"Ka kira ko ba ka kira ba?"

Ya kawar da kai.

"Kalle ni, Yaya. Ka tsaya a gabana ka ce hukuma ta ce ba komai. Matar da ta wanke maka kashi ta kwana a ƙasa kamar tsumma, don kada wata ta ce maka ai na gaya maka? Ba ma'aikata ka kare ba, kada ka ƙara fakewa da su. Girman kanka ka kare."

"Renske, dokar nan ce ta..."

"Kada ka sake ambata min doka. Doka ce ta hana ka ɗaga waya?"

Ta juya ta raba wa kowa adireshi. Masu girki suka kashe murhu, wasu a mota, wasu a keke cikin ruwan sama, suka bi gida gida suna canza lambobi. Kafin magariba an gama. Aikin ko yini ɗaya bai ci ba. A nan aka gano an riga an shiga wasu gidaje biyu, masu gidajen suna zargin jikokinsu da masu yi musu shara.

Madam Bouma ta dawo, ba ta ko zauna ba.

"Ɓarayin nan sun shiga wuraren da suka fi naka girma," ta ce. "Waɗanda suka sanar da mu muna aiki da su har yau. Ba don an yi maka sata muka rabu da kai ba. Don ka sani ka yi shiru ne."

Hukuma ta ɗora laifin a wuyansa shi kaɗai, tunda shi ya sa hannu. Rabin ma'aikatan da ya ce yana karewa suka rasa aiki. Renske ta ci gaba da ɗan abin da ya rage, bisa sharaɗin kada ƙafarsa ta sake taka ofishin.

Inna Trien ba ta koma gidanta ba. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da ita, a keken guragu. 'Yarta ta sha korar Hidde daga bakin ƙofa, sai da tsohuwar da kanta ta ce a bar shi ya shigo.

Ya tsaya riƙe da furanni.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," ta ce. "Ranar da suka shigo min, ka riga ka san lambata tana hannunsu?"

"Na sani, Inna."

Ta kalle shi. Sannan ta juya kekenta ta fuskanci taga.

"Ka kai furannin ɗakin da ke kusa. In za ka fita ka ja min ƙofa."

Darasi: Doka na iya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi, kuma yana da ikon yin ƙorafi a kanta. Amma duk wanda mutane suka damƙa wa sirrinsu, lambar waya ce, adireshi ne ko hoton katin banki, amana ya ɗauka. In ta suɓuce maka, faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa. Kunyar da kake gudu ta yini ɗaya ce, shirunka kuwa wani ne zai biya shi da lafiyarsa. Ku tura wa duk mai shago ko ofis da kuka san yana ajiye bayanan jama'a.