Yatsan da Sabulu Ya Cinye

An yi wani manajan ma'aikata a wani babban otal, mutum mai son jiki, wanda ba abin da ya tsana irin a zauna a gabansa ana kawo masa koke. Har suna ma'aikata suka laƙaba masa a ɓoye, Sai-gobe. Da otal ɗin ya sayo manhajar kula da ma'aikata, sai faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Aka kafa na'urar dangwala yatsa a ƙofar baya. Manhajar ke lura da masu fashin zuwa aiki, ita ke tura gargaɗi. Abu ɗaya aka bar masa: ya duba kafin a sallami kowa. Shi ma ya sauke shi daga kansa, ya saita manhajar ta riƙa yanke hukunci da kanta, ya kuma ƙara dokar cewa wanda aka kora saboda fashi ba ya dawowa.

A ɗakin wanki akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ta daɗe a wurin har sabulu da bilic sun goge zanen yatsunta. Kullum da safe ta dangwala, na'ura ta nuna ja. Ta goge yatsan a zani, ta sake, a banza. In layi ya yi tsawo a bayanta sai kunya ta kama ta, ta wuce ciki ta kama aiki. Mijinta na fama da ciwon ƙoda, kuma da katin asibitin ma'aikata ake yi masa wankin ƙodar. Shi ya sa ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa.

Da gargaɗi ya fara shigowa wayarta, ta yi ta zarya ofishin manaja. Bai ko bari ta shiga ba. Ya aiko sakatariyarsa ta ce mata na'ura ba ta ƙarya, ta dawo gobe. Wata safiya tana tsaka da ninke zannuwan gado saƙon sallama ya shigo, kuma a ranar katin asibiti ya daina aiki. Mijin ya yi ta kumbura a gida tana kallo, har rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki ta kawo kayan aikinta, a wanke a goge. Ta tare manajan a bakin ofis, ta miƙa masa babban yatsanta, sumul kamar bayan cokali.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa fashi ba," ta ce. "Wankinku ne ya cinye shi. Da ka bari na shigo, da ka gani."

Manajan ya dubi yatsan. Ya koma kan kwamfuta don ya mayar da ita aiki, manhajar ta ƙi, bisa dokar da shi da kansa ya kafa. Kafin ya fito Inna ta tafi. Ko da ma manhajar ta yarda, ni ban ga abin da zai mayar mata ba.

Darasin shi ne, na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka dangwala mata. Duk wanda aka damƙa wa abincin mutane, kada son jiki ya sa ya bar mata hukunci. Ya buɗe ƙofa ya dubi mutum tukuna, domin akwai kuskuren da "a yi haƙuri" ba ya gyarawa.