Tururuwa a Cikin Madara

"Umma, wai da gaske ne nononki ya ƙare, shi ya sa ƙanina ba ya daina kuka?"

Ikilima ce, 'yata mai shekara huɗu, ta jefo min wannan tambayar, ɗaki cike da 'yan barka. Aka kwashe da dariya. Kafin dariyar ta lafa, wata maƙwabciyarmu ta zuge jaka ta miƙo min katin ƙwaya, ta ce in riƙa haɗiyar biyu safe da yamma, kwana uku sai na rasa inda zan sa ruwan nono. Na yi godiya, na karɓa, na ɗora a saman durowa inda hannun yara ba ya kaiwa. Ban sha ba. Abin da ya hana ni wani labari ne da malamarmu ta Islamiyya ta taɓa ba mu, shi kuma zan ba ku kamar yadda na ji shi. Ku saurara, 'yan'uwana mata, har da ku mazan da ake aika kemis.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da, tun lokacin da mota ba ta shiga garin sai ranar kasuwa. Sunansa Tanimu. Yana da ɗan kemis a bakin kasuwa, ɗaki ɗaya da benci ɗaya a ƙofa. Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ne ba. Ya dai yi shekaru yana shara da miƙa kaya a wani asibiti, ya ga abin da ya gani, ya dawo gida. Mutanen gari suna ce masa Mai Tambaya, domin ko maganin ciwon kai ka je saya sai ya tambaye ka yaushe ya fara, me ka ci, me ka riga ka sha. Wasu sai su ji haushi su wuce wurin masu tallar magani a faranti, waɗanda ba sa tambayar kowa komai.

A garin akwai wata tsohuwa, Tabawa, ita ce ungozomar gari. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo. Shi kansa Tanimu ita ta yanke masa cibiya. Abin da ta ce a kan mai jego, shi ke nan, babu mai sakewa.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Tabawa a kemis, goye da jariri. Jikanta ne, ɗan 'yarta Ladidi, wadda ta zo gida wankan haihuwar fari.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ba ni ƙwayar nan da ake cewa tana kawo ruwan nono."

Ya ce, "Sannu da zuwa, Iya. Ta wa ce?"

"Ta Ladidi. Nono ya ƙafe."

"Kwanan yaron nawa?"

"Goma."

"Sau nawa yake kamawa a wuni?"

"To, an fara! Ba ya kamawa. Na hana."

Ku ji abin da ya faru. A wancan zamani, in mace ta yi haihuwar fari, ana tatsar nononta a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa a ciki. In tururuwar ta fita da ranta, nono mai kyau ne. In ta mutu, sai a ce mugun nono ne, zai kashe yaro. An gwada na Ladidi a kwana na uku, tururuwa ta mutu. Tabawa ta cire yaron daga ƙirjin uwarsa, ta koma ba shi madarar saniya tsinkakkiya da cokali, tana ɗirka wa uwar saiwoyi da kunun kanwa don nonon ya wanke. Nono ya kumbura, ya yi zafi, da bai ga mai sha ba sai ya fara komawa. Shi ne ta zo neman ƙwayar da za ta kawo sabon ruwa ya kore tsohon.

Ba mugunta ta yi ba. Ku riƙe wannan. Jikanta take so ta tsare.

Tanimu ya roƙi ta kwance goyon. Ya duba yaron. Maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe, kukan ma ba ya fita sai ɗan nishi. Ya tambayi rabon da ya jiƙa tsumma, ta ce tun jiya da la'asar.

Ƙwayar tana nan a kan kanta, bayan kansa, hannu kawai zai miƙa. Ƙwayar maganin amai ce, wadda aka lura tana ƙara wa wasu mata ruwan nono. Ya kuma san wadda ke tsaye a gabansa.

Ya ce, "Iya, ba zan ba ki ba."

Ta ce, "Kai da na yanke wa cibiya?"

"Ni ɗin, Iya."

"To ka ji. In na fita daga nan hannu biyu, babu macen garin nan da za ta sake tako maka ƙofa."

Ya san ba barazanar banza ba ce. Akwai mutum biyu zaune a benci sun baza kunne. Ya ba su haƙuri, ya ce su je su dawo, ya janyo ƙofa ya rufe. Ku lura da wannan ma: sai da ya kori idon mutane tukuna. Sannan ya karɓi 'yar kwalbar madarar da take ba yaron, ya zuba kaɗan a murfi. Ya ɗebo ruwa daga randarsa ya zuba a wani murfin. Ya sunkuya gindin bango ya tsinto tururuwa biyu, ya jefa ɗaya nan, ɗaya can. Suka tsaya suna kallo. Ta ruwan ta yi ta fafutuka har ta kama baki ta fita. Ta madarar ta juya, ta juya, ta tsaya cak.

Ya ce, "Iya, wannan ita ce madarar da yake sha kwana bakwai."

Tabawa ta ce, "Tun kakanninmu haka ake yi."

Ya ce, "Ni ban san abin da kakanni suka gani ba. Na dai san tururuwa ba kifi ba ce, abu mai maiƙo kuwa riƙe ta yake yi. Nonon Ladidi ba abin da ya same shi sai rashin mai sha. Ko buhun ƙwaya ta haɗiye, in ba a tsotsa ba, ba zai zauna ba. Kuma ƙwayar nan akwai masu ciwon zuciyar da take yi wa illa, ni kuwa ban san zuciyar 'yarki ba. Ki je ki ɗora mata shi yanzu. Mota tana nan har la'asar, ku bi ta ku je asibiti."

"Mai jego ta fita kafin arba'in?"

"Arba'in da ɗa a hannu ake yin ta, Iya."

Ta mai da goyonta ta fita, ko sallama babu.

A gida Ladidi tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Kwana bakwai tana jin kukan ɗanta daga ɗakin uwarta, ba ta iya cewa a ba ta shi ba, domin ɗan fari ne, kunya ba ta barin uwa ta nuna ta damu da shi. Tabawa ta shigo ta ajiye mata shi a cinya.

"Ba shi."

"Inna, ba kin ce..."

"Na sake gwadawa. Ba shi, na ce."

Ranar suka bi motar kasuwa. Aka kwantar da su kwana huɗu, aka yi wa yaron ƙarin ruwa. Ma'aikatan jinya suka nuna wa Ladidi yadda za ta riƙe shi ya cika baki da nono, suka ce ta ba shi duk lokacin da ya nema, in ya gaji ta tatse a ba shi da cokali. Ruwa ya fara dawowa, amma a hankali. Sai likita ya auna ƙirjinta, ya yi mata tambayoyi, ya rubuta mata magani na 'yan kwanaki.

Ku saurara, nan ne jarrabawa ta biyu.

Ranar kasuwa ta gaba Tabawa ta kawo takardar kemis ɗin Tanimu, benci cike da mutane. Ta ɗaga murya ta ce, "Karanta! Ba ita ce ƙwayar da ka hana ni ba?"

Ya karanta. Ya ce, "Ita ce, Iya." Ya miƙa hannu ya ɗauko ya ba ta.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Mai Tambaya, yau ka gamu da wanda ya fi ka!" Wata ta ce da ya bayar tun farko da ba a wahalar da mai jego a mota ba. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa: tururuwa. Bai faɗe ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Likita ya auna ta, ni ban auna ba."

Mata suka ƙaurace wa kemis ɗinsa har damina ta wuce. Ya ci gaba da share ƙofarsa kullum safe, ya ci gaba da tambayarsa. Yaron ya rayu, ya yi ƙiba, aka ce hannun Tabawa ne. Abu ɗaya dai aka lura da shi: daga shekarar ba a sake ganin ta jefa tururuwa a nonon kowa ba, ba ta kuma faɗi dalili ba. Sai a ciwon ajalinta, mata sun kewaye ta, ta ba da labarin da bakinta, ta ce a nema mata gafarar Tanimu. Da aka je aka faɗa masa, sai ya ce, "Allah ya ba Iya lafiya. Ai ita ta kai yaron asibiti."

Darasin a fili yake. Mutumin kirki shi ne wanda ya san iyakar saninsa ya tsaya a kanta, ko da tsayuwar za ta ja masa asara, ya faɗi gaskiya ba tare da ya tona asirin babba ba. Yau ba ma jefa tururuwa, amma muna da tamu. Yaro ya yi kuka, mu ce nono ya ƙare. Mu matsa mu ga ba ya tsartuwa, mu ce ya ƙafe. Sai mu tsiri ba shi ruwa da madarar gwangwani, shan nono ya ragu, ruwan ya ragu da gaske, sannan mu tafi neman ƙwaya.

Ni na ƙirga yawan jiƙa nafkin ɗin ɗana, na kai shi awo, aka ce nauyinsa yana hawa, riƙo ne kawai zan gyara. Na dawo na ce wa Ikilima bai ƙare ba. Katin ƙwayar na mayar wa mai shi.

Maganin ƙara ruwan nono yana nan, akwai kuma wadda take buƙatarsa, amma wanda ya auna ki shi zai rubuta miki. Ke mai jego da ke karanta wannan, kada ki haɗiyi ƙwayar da aka ciro miki daga jaka, ko wace ce ta ba ki. In kuma kika ga jaririnki ya wuni bai yi fitsari ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa kama nono, kada ki aika kemis, kada ki jira arba'in. Ki goya shi ki tafi asibiti a ranar.