Kujerar Tanimu a Motar Sallau

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, direban bas ne, sunansa Sallau. Ku saurara, 'yan'uwa, ba dogon labari ba ne.

Cikin fasinjojinsa akwai Tanimu, mutum ne babba har da gemu, yana wankin hula a kasuwa. Allah ya yi shi daban. Ƙara tana yi masa ciwo kamar duka, kuma ba ya son a taɓa shi. Yau likitoci suna kiran abin otizim. A lokacin, mai aljanu kawai ake ce masa. Kun san halin tasha: a danna hon, a bugi jikin mota, ɗan kamasho ya fizgo hannunka. Sai Tanimu ya toshe kunne ya durƙushe, a yi ta dariya, mota ta tafi. In ta tafi, aikin ranar ya tafi.

Sallau ya duba, ya duba. Sai ya ware masa kujerar da ke bayan direba, jikin taga. Ya kashe rediyo. Ya daina hon a tasha. Kafin ya tayar da mota sai ya waiwayo ya ce, "Malam Tanimu, zan kunna." Ya jira sai Tanimu ya gyaɗa kai.

Fasinja suka yi ta ƙorafi wai motarsa kamar gidan makoki. Ciyaman ɗin tasha ya kira shi.

"Sallau, asibiti ka buɗe mana? Ko ka sauke mutumin nan, ko ka bar layinmu."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, layin naku ne, ban musa ba. Kujerar nan kuwa tasa ce."

"Za ka ji yunwa."

"Na taɓa jin ta, Alhaji. Mun san juna."

Ya fitar da motarsa, ya koma lodi bakin titi, gindin wata tsamiya. Ba zan ce muku ya yi arziki ba, bai yi ba. Wata rana rabin mota yake tashi da ita. Amma kullum Tanimu yana isa wurin hulunansa da ƙafarsa, kansa a ɗage, ba wanda ya rako shi.

To, ku ji ni da kyau. Hanya ta kowa ce, wanda kuma ya tsare wa mai rauni mazauninsa ya fi wanda ya cika mota. Akwai Tanimu a unguwarku, kun san shi, kun san gidansu. Gobe in ya shigo mota aka fara dariya, kai da ke kusa da shi, gyara masa wuri, ka ce wa direba ya rage rediyo. In an harare ka, a harare ka.