Ranar da Gulbi Ya Tafi da Aikin Muhtari

Akwai wani saurayi a Kaura Namoda, sunansa Muhtari, zamanin da jirgin ƙasa ke tasowa daga Zariya ya zo ya kwana garin. Yaro ne mai ƙarfi da baki. Ƙarfin dai akwai, amma bakin ya fi yawa.

Shekara uku yana zaryar neman aiki, har masu gadin ofisoshi suka daina amsa mai sallama. Daga ƙarshe wani abokinsa Bulus, wanda ya girme shi kuma ya daɗe yana aikin jirgi, ya tsaya mai aka ɗauke shi duba tikiti. Aka ba shi kaki da hula da baƙin takalmi mai igiya.

Babban tasha ya faɗa mai gaban kowa: "Talata ƙarfe huɗu na yamma jirgi zai tashi. Wanda jirgi ya bari ranar farko, ba sai ya dawo ba. Akwai masu jira."

To, lokacin marka ce, gulbi ya cika ya batse. Samarin Kaura kuwa suna da wani wasa na masu neman abin da zai kaɗa musu hanji, shi ne hawan gora. Ka sami ƙaton gora irin na 'yan fito, ka kifa ciki a kai, ka faɗa tsakiyar ruwa, ya yi ta gudu da kai cikin daji wajen Moriki da Shinkafi. Ni nan na taɓa hawa ina ɓarar gyaɗa a kai, amma yau ba labarina ake ba.

Mai gorunan wani tsohon ɗan fito ne, Sodangi. Shi ke ara wa samari.

Ranar Talatar nan an tashi da ruwan sama, gulbi sai ruri yake. Muhtari ya ja Bulus har bakin gulbi, yana sanye da sabon kakinsa don 'yan matan unguwa su gani.

Bulus ya ce, "Ƙanena, yau fa ranar aikinka ce. Bari mu bar wasan nan sai mun dawo."

"Haba Yaya Bulus! Ƙarfe goma ko ba ta yi ba. Jirgi sai huɗu. In shiga in fito in yi barci ma."

Sodangi ya dube su, ya dubi ruwa. Ya jawo tsofaffin takalman taya ƙafa biyu biyu da wasu tsumman riguna ya tura musu.

Ya ce, "Kowa ya naɗe takalmi cikin riga ya ɗaure ga kai. Kuma in kun ga babban ɓauren nan na hannun hagu, ku hita. Ruwan yau ba na jiya ba na."

Bulus ya naɗe nasa ya ɗaure. Muhtari kuwa sai ya fashe da dariya.

"Baba, ni? Ma'aikacin jirgi guda in ɗora takalmin taya a kai kamar mai tallan fura? Bar wa 'yan ƙauye."

Sodangi ya ce, "Yaro, gulbi kaiwa shika yi, bai maidowa. Maidowa aikin ƙahwa na."

"Tsufa dai tsoro ne, Baba. Ni ruwa ya san ni."

Ya tuɓe kaki ya ninke, ya ɗora takalmi da hula a kan kakin ya bar su a bakin gulbi, ya faɗa ruwa daga shi sai ɗan kamfai.

Gaskiya kam akwai daɗi. Ruwa ya ɗauke su kamar an harba kibiya, itatuwa na wucewa fit-fit, gora na sama na ƙasa, Muhtari na ihu yana yi wa kansa kirari.

Ba a jima ba sai ga ɓaure. Bulus ya karkata, ya kama saiwa, ya haye gaɓa. Ya juya yana ɗaga murya: "Muhtari! Fito! Nan ne!"

Muhtari ya ɗaga mai hannu ɗaya. "Kai dai ka gaji! Bari in ɗan ƙara kaɗan!"

Kaɗan ɗin nan ita ta kashe shi.

Yana wuce ɓaure, gaɓa ta miƙe sama kamar katanga. Inda babu katanga kuma sai gumbi, ƙaya zalla, ko akuya ba ta ratsawa. Ya nemi wurin fita, babu. Kirari ya koma salati. A wata kwana ruwa ya murɗa shi, ya nutsa ya taso, ya ji iska na taɓa shi inda ba ta saba ba. Kamfai ya tafi Shinkafi ya bar mai shi.

Sai da rana ta kusa tsakiya ruwa ya gaji da shi, ya watsar da shi kan wani yashi. Ya kwanta yana haki. Ba gida, ba gona, ba mutum. Sai birai bisa kirya suna leƙensa, wallahi kamar sun san labarin.

Ya miƙe ya kare gabansa da gora, ya fuskanci Kaura.

Taku goma bai yi ba tsidau ya gaishe shi. Ya tsaya ya cire. Ya ƙara biyar, ƙarangiya ta ɗauka. In ya gudu daga ƙaya ya faɗa laka, laka ta riƙe shi har gwiwa. In ya fita laka, tsakuwa ta karɓa. Rana ta buɗe bayan ruwa, irin mai dafa ƙeya. Goran da ya ɗauke shi ɗazu kamar sarki, yanzu shi ke ɗaukarsa, kuma ba dama ya yar, don shi ne wandonsa.

Can sai ya ji kukan shanu da muryar makiyaya. Wani mai hankali da ya yi sallama daga bayan ciyawa. Muhtari ya ce a ransa, ma'aikacin jirgi a gan shi haka? Ya shige cikin sabara ya laɓe, cinnaku na cin rabonsu, har garke ya wuce kaf. Shanu kuwa ba su da jirgin da za su tara.

Ya ci gaba. Yanzu ba tafiya yake ba, jan jiki yake. Bakinsa ya bushe, ƙafa ta kumbura, inuwarsa ta fara tsawo. Duk ya ɗaga kai ya dubi rana sai gabansa ya faɗi.

A gefen wata gonar gero ya hango wata dattijuwa tana tsinkar yakuwa. Sunanta Kulu. Wannan karon girman kai ya riga ya zube a hanya. Ya tsuguna bayan gora ya yi sallama.

Kulu ta waiga ta zabura. "A'uzubillahi! Mutum ko aljan?"

"Mutum ne, Inna. Gulbi ne ya kawo ni."

"To gulbin bai ba ka wando ba?"

"Ya karɓe nawa ma, Inna."

Ta juya baya tana dariya har da riƙe ciki. Ta kwance zanen da ta yafa ta jefo mai ta bayan kai, ta tura mai sauran farau-farau cikin ƙwarya. Ya shanye ko numfashi bai yi ba, sannan ya ba ta labari a gurguje.

Ta ce, "Kai ɗan nan! Makiyayan da ka ɓoye ma, ɗiyan maƙwabcina na, suna da jaki. Da ka yi magana da yanzu kana Kaura. Bi wanga burtali, kak ka sake shi. Amma ji nan: zanena biyu duniya, wanga shi na na zuwa suna. Juma'a akwai suna gidan ƙanena. Ka maido min da ƙahwarka."

"Na yi alkawari, Inna."

Ya ɗaura zane, ya ɗora gora a kai, ya kama burtali.

Ya yi tafiya har ya daina jin ƙaya. Ya faɗi ya tashi. Sai da ya hango rufin tasha can nesa, sannan ya ji abin da yake tsoro tun rana tsaka. Jirgi ya yi kuka.

Ya ce wa ƙafa gudu. Ƙafa ta ce ba da ita ba.

Ya iso bakin dogo daidai jirgi na wucewa a hankali, tarago bayan tarago. Fasinjoji suka leƙo ta taga, suka ga ƙato da zanen mata da gora a kai, suka kwashe da dariya. A ƙofar tarago na ƙarshe ga Bulus tsaye. Shi ya kwaso kakin daga bakin gulbi, ya roƙi babban tasha aka ƙara minti goma, har aka fara yi masa faɗa. A bayansa wani saurayi ne sanye da hular Muhtari, tana yi masa yawa.

Bulus bai yi dariya ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Na yi iya yina, ƙanena!"

Muhtari ya tsaya har hayaƙi ya ɓace. Ko kuka bai iya ba, gajiya ta hana.

Ya ja ƙafa zuwa bakin gulbi ya ajiye wa Sodangi goransa. Tsoho bai ce na faɗa maka ba. Ya zaro allura daga hularsa, ya ce, "Zamna. Miƙo ƙahwa."

Yana cire ƙaya, Muhtari na cije leɓe.

"Baba, aiki ya tafi."

"Na ji kukan jirgi. Kunnena bai tsuhwa ba. Zanen wa ka ɗauro?"

"Wata Inna Kulu ce, can gaba da ɓaure nesa. Ta ce in mayar kafin Juma'a."

"Wa zai kai?"

"Ni. Da ƙafata ta ce."

Sodangi ya ɗaga tafin ƙafar ya dube shi da kyau, kamar mai sayen jaki a kasuwa.

Ya ce, "To, lallaɓa ta gobe. Jibi tana da aiki."

Darasi: Kafin ka shiga abin da ke tafiya da kai cikin daɗi, tambayi yadda ake dawowa, kuma in wanda ya riga ka sanin hanya ya ce nan ake fita, to fita. Girman kai ba ya ɗaukar kowa zuwa gida, kai za ka ɗauko shi a ka. Ku tura wa samarinku su karanta, musamman mai cewa "bari in ɗan ƙara kaɗan."