Nomau da Ƙwaryar Toka

Tun zamanin da ƙasar nan take kurmi, giwa na kiwo inda kasuwa ke ci yau, aka yi wani maharbi wai shi Nomau. Nomau gatarin ƙirya, kibiya ba a kiranki ki dawo! Shi ya kashe baƙin ɓaunan da ya hana mutane shan ruwan fadama, wanda aka ce in ya ji harbi sai ya rikiɗe ya zama guguwa. A inda ɓaunan ya faɗi Nomau ya kafa bukka, shi da ƙanwarsa Kyauta. Jama'a suka biyo su, aka sare daji, aka shuka dawa, wuri ya zama gari.

A kan wani tsauni da ke gabas akwai Sarki Gwabare, mai mayaƙa da yawa amma ba shi da gona ko ɗaya. Ya aiko jakadansa Tankari da sharaɗi: kowace kaka a ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona, shi kuwa ya tsare garin daga mahara. Nomau ya amince. Da dawar talakawa irinsu sarki ya ɗaga ganuwarsa, ya sayi ƙarfe, ya ciyar da dawaki, har sarautarsa ta shafe ƙasa mai faɗi.

Wata shekara, Nomau na can farauta, mahara suka faɗo wa garin da rana tsaka. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka ɗaure mutane suka tafi da su, har da Kyauta. An hura ƙaho, an tura manzo tsauni, ko mahayi ɗaya bai sauko ba. Ashe sarki ya kwashe mayaƙansa ya tafi cin wani gari domin ƙarin masu biyan gandu.

Nomau ya dawo ke nan, hayaƙi bai gama lafawa ba, sai ga Tankari da jakuna.

"Maharbi, sarki na gaisuwa. Ya ce a auna masa rabonsa."

Nomau ya dube shi har jakada ya sunkuyar da kai. Sannan maharbin ya durƙusa a kufan rumbunsa, ya raba tokar gida huɗu, ya cika ƙwarya da kashi ɗaya.

"Wuce mu je. Da hannuna zan kai masa."

Nomau ya tarar sarki ya dawo daga yaƙi, ya shiga fada bai cire takalmi ba, bai faɗi gaisuwa ba. Ya juye tokar a kan shimfiɗar sarki.

"Ga rabonka, Gwabare! Abin da muka girbe bana ke nan. Kowace ƙwayar da dokinka ya tauna gumin wata uwa ce. Ka ci, ka ƙoshi, ranar da muka yi kururuwa kana ina?"

Dogarai suka yi kansa da igiya. An ce sau uku suna ɗaure shi, igiyar na tsinkewa kamar zaren gizo.

"Kashe ni in ka iya," in ji Nomau. "Amma kowane ƙauye zai ji cewa an biya gandu, an kuma ƙone. In suka rufe rumbunansu, dutse dawakinka za su ci?"

Sarki ya ce dogarai su ja baya. Ba tausayi ya kama shi ba, tsoro ne, don ya san a kan me gadonsa yake zaune. Ya ba da mayaƙa. Nomau ya shige gaba yana bin sawu, har suka cim ma maharan a bakin gulbi, suka kwance mutanensu. Kyauta kam ba ta ciki. Ƙishirwa ta kashe ta a hanya, da igiya a wuyanta.

Sarki ya aiko masa da riga da rawani. Nomau ya mayar. Ya ce daga ranar hatsin garinsa ba ya sake hawa tsauni. Mayaƙin da ke son ci ya sauko ya zauna a ƙofar gari, ya ci yana gadi. Haka kuwa aka yi. Har Nomau ya mutu bai ƙara ambaton sunan Gwabare ba.

Tsaunin nan yau birai ne ke mulkinsa, ganuwar ta zube. Garin Nomau kuwa na nan. In kaka ta yi mai karɓar haraji ya zo, dattawa kan tare shi a ƙofa da ƙwaryar toka, su sa ya tsoma hannu, su tambaye shi: "Me kuka tsare mana bana?" Sai ya ba da amsa ake buɗe rumbu.