Kurege Shugaban Marasa Aiki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kurege ne ke gadin rumbun gyaɗar Giwa, ladansa tiya ɗaya a mako. Ran nan aka yi shela: duk wanda ya rasa aiki ba da laifinsa ba, ya je gindin tsamiya ya karɓi buhun gyaɗa. Buhu guda fa! Kurege ya dubi 'yar tiyarsa, haushi ya kama shi.

Ya je wurin Giwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ki kore ni mana."

Giwa ta ce, "A kan me?"

Ya shari barci a bakin rumbu, ta ce gajiya ce. Ya bar ƙofa a buɗe, ta ce mantuwa ce. Sai ya cika kumatu da gyaɗarta, ya zo gabanta yana tauna. Nan take ta kore shi, ya fita yana tsalle.

A gindin tsamiya Kunkuru ke rabo.

"Malam Jaki, me ya raba ka da aiki?"

"Babur mai ƙafa uku ya ƙwace mini dako."

Aka ba shi buhu.

"Zakara fa?"

"Kowa ya sayi waya, ita ke tashinsu da asuba."

Aka ba shi buhu.

"Kada?"

"Kogi ya ƙafe, wa zan yi wa fito?"

Aka ba shi buhu.

"Kurege?"

"Ni korata aka yi."

Kunkuru ya dubi ɓawon gyaɗa a gashin bakinsa, ya ce, "Ban da ɓarayi. Matsa."

Kurege ya ruga wurin Giwa, ashe har ta ba surukinta gadin. Ba tiya, ba buhu, ga yunwa. Sai ya haye kututture ya ce, "Jama'a, buhun nan ƙarewa zai yi. Wa zai roƙo mana wani? Sai da ƙungiya!" Suka ce gaskiya ne, suka naɗa shi shugaba, kowa zai riƙa auna masa tiya biyu.

Da Jaki ya samu aikin kwasar yashi, Kurege ya riga shi zuwa wurin mai aikin, ya raɗa masa, "Ka yi hankali, harbi yake yi." Aka fasa. Jaki ya dawo yana hawaye, Kurege ya dafa shi.

"Haƙuri, ɗan'uwa, ƙungiya tana tare da kai. Kawo tiya biyun."

Ƙurunƙus kan kurege! In aiki ya kuɓuce muku, kada ku wahala neman wani, ku nemi shugabancin waɗanda suka rasa.