Fijon Malam Ummaru da Dutse na Biyu

Akwai wani saurayi mai suna Musaddiq, ɗan garin Gulma, malamin gona ne a wani ofishi a Birnin Kebbi. Yaro ne mai kirki, amma Allah ya jarrabe shi da gaggawa. In ka ce masa ya jira ka minti biyar, kamar ka ce ya kwana a tsaye.

Yana neman wata yarinya a Argungu, Fiddausi, 'yar Alhaji Hodi mai fataucin albasa. Yarinya ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura Alhaji. Shi kuwa Alhaji ba ya ba da 'ya sai ya bincika.

Da ya ji inda yaron yake aiki, sai ya kira abokinsa na ƙuruciya, Malam Ummaru, wanda babba ne a ofishin. Ya ce ya sa masa ido a kan yaron, ran Asabar ɗin ƙarshen wata ya zo da shi Argungu. In Malam Ummaru ya ce yaro ya yi, manyansa su zo daga Gulma. In ya ce bai yi ba, magana ta mutu a nan.

Fiddausi ta tsegunta wa Musaddiq wannan shiri. To, daga ranar sai ka zo ka ga ladabi! Gaisuwa har ƙasa, karɓar jaka tun daga bakin ƙofa, sahun farko a masallacin ofis. Malam Ummaru dai kallonsa kawai yake yi ta saman tabarau.

Shi Malam Ummaru yana da wata tsohuwar Fijo fara, wadda ta girmi wasu ma'aikatan ofishin. Kamar ƙwai yake riƙonta. Da kansa yake goge ta kowace safiya, ko jingina aka yi da ita sai ya yi gyaran murya.

Filin ajiye motocin ofishin kuwa ƙarami ne, bishiyar darbejiya ɗaya ce tal, kowa inuwarta yake so. Ga shi filin yana da ɗan gangare zuwa wajen tankin ruwa. Don haka suka yi wata al'ada: wanda ya zo a makare ya tare wa wasu hanya, sai ya bar motarsa ba giya ba birki, a sa mata dutse a ƙarƙashin taya. In na ciki zai fita, sai a kira Baba Tamba maigadi ya matsar da ita.

Baba Tamba yana da yadda yake yi. Yakan ɗauko wani dutse na biyu daga ƙarƙashin bencinsa, ya ajiye shi taku huɗu a baya, sannan ya cire na farko. Mota ta silale a hankali, ta tsaya a kan na biyun. Musaddiq ya ga ana matsar da mota ya fi sau ɗari, amma bai taɓa tsayawa ya lura da dutse na biyu ba.

Ran Alhamis, saura kwana biyu a tafi Argungu, Malam Ummaru ya zo a makare, Fijo ta tare motoci uku har da ta Musaddiq. Wajen ƙarfe goma Musaddiq ya fito zai tafi Zauro, manoman shinkafa suna jiransa. Ya duba benci, ba Baba Tamba, tsohon ya zagaya bayan ofis.

Minti biyar fa kawai zai jira. Ina! Ya ce a ransa, ai wannan ba wani aiki ba ne. Ya sunkuya ya fizge dutsen, wai zai tare motar da hannu.

Fijo ta motsa a hankali, sai kuma ta ƙara mai. Ya riƙo ta, ta ja shi, takalminsa na gurzar ƙasa. Ji kake ƙwam! Bayanta ya haɗu da ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa.

Musaddiq ya zagaya bayanta. Ya leƙa: gefen bamba ya lotsa kamar faɗin tafin hannu, fenti ya kwarzane a samansa. A motar wani, wannan ba abin tada hankali ba ne. Amma wannan motar mutumin da aurensa ke bakinsa ce.

Ya waiga dama da hagu. Ba kowa. Ya turo ta da ƙyar ta bar jikin ƙarfen, ya cusa dutsen a tayar da ta fi kusa da shi, ya shiga motarsa ya fice.

A Zauro jikinsa ne kawai a fadama. Manomi na nuna masa ganyen shinkafa da ya yi ja, shi kuwa bamba yake gani. Zuciya ta dinga ba shi shawara irin tata: motoci uku ne a ciki, wa zai san wane ne? Ka yi shiru zuwa Asabar, in an ba ka yarinya sai ka faɗa. Kun san zuciya, in tana son kai mutum ƙasa, da lallashi take farawa.

Bayan azahar ya dawo, ya tarar da mutane sun kewaye Fijo. Zulkifli, jami'in da ke kula da ma'aikata, ya sa Baba Tamba a gaba yana ɗaga murya.

"Baba Tamba, kai ad da dutse, kai ka matsar da mota gidan ga. In ba kai ba, wa? Aljani?"

"Wallahi, Yallaɓai, ban taɓa ta ba," in ji tsohon. "Na zagaya baya, da nid dawo nit tarad da ita nan."

"Tsuhwa dai ya kama ka, ba ka son hwaɗi. Ran Litinin za ni rubuta a kawo muna wani."

Malam Ummaru yana tsaye a gefe, hannu a baya. Ya dubi bamba, ya dubi tayar da dutsen yake, ya dubi ƙarƙashin bencin maigadi. Bai ce uffan ba, ya juya ya shiga ofishinsa.

Musaddiq ma bai ce uffan ba. Wannan shirun shi ne abin da ni dai ban yafe masa da wuri ba, don tsohon nan da albashin gadin yake ci da iyalinsa.

Da aka kira la'asar, sai ga shi ya zo alwala a gefen Baba Tamba. Tsohon ya gama, ya miƙo masa buta.

"Ungo, ɗana. An ce jibi za ku Argungu? Allah shi sa a dace. Ni dai da ni anka tambaya, ban taɓa ganin aibunka ba."

Ruwan butar ya dinga zuba a ƙasa, Musaddiq ya kasa ko wanke hannu. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba. Mutumin da ya bari a kora, shi ne yake masa addu'a.

Ana sallame salla ya nufi ofishin Malam Ummaru. Ya shiga, ya durƙusa.

"Malam, ba Baba Tamba na ba. Ni nic cire dutsen. Sauri nika yi, ban jira shi ba. Tsoro yas sa niy yi shiru."

Malam Ummaru ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. 

"Tau, na jiya. Cikin mutane anka yi ma Tamba tsawa, cikin mutane za ka wanke shi."

"Za ni yi, Malam. Gyara hwa? Gobe da sahe in kai ta wurin Mujtaba mai gyaran jikin mota, duk abin da ag gyara ni ad da shi."

"A'a. Ba wanda za shi taɓa ta sai mun dawo daga Argungu. Haka nika son Hodi shi gan ta."

 Musaddiq ya ce a ransa shi ke nan, shaida za a kai wa Alhaji.

Duk da haka ya fita ya tara mutanen da suka ji tsawar, ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, ya roƙi Baba Tamba gafara. Zulkifli ya sosa ƙeya, shi ma ya ba tsohon haƙuri. Baba Tamba ya ce ba komai, sai dai ya juya yana share ido da bakin rawaninsa.

Ran Asabar da hantsi suka kama hanyar Argungu a Fijo mai lotsa. Malam Ummaru ba ya gudu, ba ya kuma hira. Musaddiq ya zauna a gefensa cikin sabuwar shadda, yana kallon gonakin shinkafa suna wucewa, yana shirya abin da zai ce wa Fiddausi in an ce a'a.

Suka tarar da Alhaji Hodi a zaurensa, buhunan albasa jibge a gefe, warinsu har ƙofa. Aka gaisa, aka kawo fura da soyayyen kifi. Kafin a sa hannu, Malam Ummaru ya miƙe.

"Hodi, ka tambaye ni halin yaron ga. Taso ka gani."

Suka fito su uku. Malam Ummaru ya kai Alhaji bayan motar, ya nuna da yatsa.

"Ka san shekarun da motag ga tay yi hannuna ba ko kwarzane. Diba nan. Wanga yaro ay yi shi."

Musaddiq ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam Ummaru kuwa ya kwashe labari duka, tun daga dutse har tsawar da aka yi wa maigadi, bai rage komai ba.

"Sati ukku shina amshe min jaka, shina gaishe ni har ƙasa," ya ci gaba. "Ban ɗauki wannan komi ba, kowa ka neman ɗiyar mutane ya iya shi. Da ran Laraba kat tambaye ni, ce maka za ni yi ban san shi ba. Ran Alhamis nis san shi."

"Kai ka san shi na kahin shi hwaɗi?" in ji Alhaji.

"Tun da nig ga dutsen. Tamba bai taɓa sa dutse tayar dama ba, kuma dutsenai na biyu shina nan ƙarƙashin benci. Masu motoci biyun sun daɗe gidan, sun san aikin. Saura wa? Niy yi shiru in ga ko za shi zo da ƙahwatai. Da bai zo ba, ba ni bari a kori Tamba, amma da ni kaɗai za ka gani yau. Ya zo, Hodi. Ya san aurenai na bakina, kuma ya zo."

Alhaji Hodi ya sunkuya ya shafa wurin da ya lotsa. Ya ɗago ya dubi Musaddiq sama da ƙasa.

"Gaggawa gare shi ke nan."

"Ƙwarai. Ita ta aibunai, na ko hwaɗa maka."

"Gaggawa ana maganinta," in ji Alhaji. "Mai ɓoye laihi a kama wani, shi na ba ni iya haɗa zuri'a da shi." Ya juyo ga Musaddiq. "Ɗana, ka ce ma manyanka su zo. Amma ka ji da kyau: ɗiyata na ba ka, motata ko makullinta ba ka gani!"

Dattawan biyu suka fashe da dariya. Musaddiq ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kwana biyu maƙale a ƙirjinsa. Sai ya durƙusa a ƙasa da sabuwar shaddarsa, hawaye na zuba. Kifin nan kuwa da aka koma zaure, shi ya fi kowa ci, don tun Alhamis bai ci abin kirki ba.

Ran Litinin ya kai Fijo wurin Mujtaba. Mujtaba ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan ne abin da ya hana ango barci? Ya buga ta ciki, ya shafa fenti, ko awa ɗaya ba a yi ba bamba ta koma kamar ba a taɓa ba.

Da Musaddiq ya dawo da ita ofis, ya tsaya a bakin benci. Baba Tamba ya ɗauko dutse na biyu ya ɗora masa a hannu.

"Taku huɗu, ɗana. Ka aje wanga tukuna, kahin ka taɓa wancan."

Musaddiq ya ƙirga takunsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye dutsen.

Darasi: In ka ɓata kayan abokin aikinka, komai ƙanƙantar ɓarnar, je ka da ƙafarka ka faɗa masa, ka ɗauki gyara, kada ka bari laifinka ya faɗa kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Lotsar mota awa ɗaya ta ishe ta, amma shirun da za ka yi zai iya raba wani da abincinsa, ya raba ka da mutuncinka. Kai kuma da aka yi wa ɓarnar, yi haƙuri ka ba mutum damar faɗin gaskiya kafin ka yanke masa hukunci. Ku tura wa abokan aikinku su karanta, musamman waɗanda kuke rububin inuwa ɗaya da su.